Daga Yamai zuwa Dandaji: Ginin da Ke Jure Rana ko da Wuta ta Ɗauke

Wanda ya tashi daga Yamai ya nufi gabas a kan babbar hanyar kwalta, ya wuce Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sannan ya karkata arewa a Tsarnawa ya shiga ƙasar Adar, zai ci tafiyar kusan kilomita 500 kafin ya kai ƙauyukan Yama da Dandaji na yankin Illela. Yini guda ne cur a mota, kuma a 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta sa ba kowa ke bin hanyar da kwanciyar hankali ba. Amma ga mai son sanin yadda ya kamata a yi gini a ƙasar rana, da wuya a samu hanyar da ta fi ta koyarwa, domin a kanta ko kusa da ita ake ganin benen gilashi, da ɗakin kwano, da masana'antar siminti, da masallacin ƙasa da ya ci kyautar duniya, duk a jere. Maganar da nake so in kafa wa hujja ita ce, a ƙasashen Sahel ginin da ya cancanci a kira shi na zamani shi ne wanda mutum zai iya zama a cikinsa da tsakar rana a watan Afrilu ko da wuta ta ɗauke, kuma maginan garin za su iya gyara shi da abin da ke hannunsu. Idan aka auna da wannan mudu, gine-ginen ƙasa da aka yi da lissafin injiniya a Yamai da Dandaji sun fi benayen gilashi riƙo da manufar waɗanda suka ƙirƙiro salon ginin zamani tun asali.

Dole a tuna mece ce manufar tasu, don yawancin masu kwaikwayon salon a yau sun manta da ita. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, biranen Turai cike suke da ma'aikata masu kwana a ɗakuna masu duhu da danshi, tarin fuka yana kashe su. Masu zanen gini irin su Le Corbusier a Faransa, da Walter Gropius wanda ya kafa makarantar Bauhaus a Jamus a 1919, suka ce a daina ɓata kuɗi wajen ƙawata fuskar gida, a fara da tambayar abin da mazaunin ciki yake bukata, wato haske da iska da tsafta da araha. Suka koma ga kankare da ƙarfe da gilashi saboda su ne kayan da masana'antunsu ke fitarwa da yawa, kuma babbar tagar gilashi alheri ce a ƙasar da rana ke ɓuya wata da watanni. Da salon ya gangaro ƙasashen zafi, manyan malamansa ba su yi taurin kai ba. A ginin ma'aikatar ilimi ta birnin Riyo na Barazil, wanda aka fara zanensa a 1936, an jera faifan kare rana a gaban gilashi. A Chandigarh ta Indiya, Le Corbusier ya yi rufi mai faɗi da baranda mai zurfi. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun lulluɓe ɗakin karatunta da bango mai huda-huda don iska ta ratsa, rana ta tsaya a waje. Abin da ya kashe wannan hankali shi ne na'urar sanyaya ɗaki da man fetur mai arha. Da aka ga ana iya rufe akwatin gilashi ruf a hura masa sanyi, sai mai zane ya daina duban inda rana ke fitowa, aka koma ɗaukar hoton bene daga birnin New York a dasa shi ko'ina.

A Yamai ana ganin zamunan biyu kusa da juna. Garin ya yi girmansa na farko da kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, bayan an buɗe gadar Kennedy a kan kogin Kwara a 1970, kuma gine-ginen wancan lokaci da dama suna da kaurin jiki da tagogi masu zurfi, alamar masu zanen sun san da rana. Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne ginin hukumar binciken makamashin rana, Onersol, wanda Laszlo Mester de Parajd ya zana a farkon shekarun 1980, hukumar da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta, mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ginin ya ari siffarsa daga ginin ƙasa na yankin, an kuma tsara shi yadda rana ba ta dukan ɗakuna kai tsaye, iska tana zagayawa da kanta. Sababbin otel-otel da ofisoshin da suka taso daga baya kuwa, da yawansu gilashi ne daga sama har ƙasa, wasu ma suna fuskantar yamma, a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 kusan kowace rana. Irin wannan gini rayuwarsa a hannun wayar lantarki take, kuma an ga abin da hakan ke nufi. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Da aka yanke shi a farkon Agusta saboda takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin, ba a mayar ba sai watan Maris na 2024, kuma a tsakanin nan mai ofishin gilashi ko dai ya ƙona gas a janareta ko ya tashi ma'aikata. Ba a Nijar kaɗai damuwar take ba, domin hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050. Ƙasar da yawancin mutanenta ba su ma samu wutar kunna fitila ba, ba ta da dalilin shiga wannan tsere da gine-ginen da ba sa zaunuwa sai da injin.

Kafin matafiyi ya bar Yamai, ya kamata ya leƙa wasu gidaje shida da aka kammala a 2016, waɗanda aka raɗa wa suna Yamai 2000. Ƙungiyar masu zane huɗu ce ta tsara su, cikinsu akwai 'yar Nijar Mariam Issoufou Kamara da 'yar Iran Yasaman Esmaili. Daga waje siffarsu ta zamani ce sak, layuka a miƙe, babu kwalliya, bene hawa ɗaya. Amma jikinsu bulon jar ƙasa ne da aka matse da inji, tagoginsu ƙanana ne a ɓangaren da rana ke duka, kuma kowane gida yana da tsakar gida da wurin shan iska da ba a hango shi daga titi. Masu zanen sun ce sun ɗauki darasi daga tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Tambutu, inda gidaje ke manne da juna suna yi wa juna inuwa. Wannan batu na cunkoso yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tsarin da aka gada daga Turawan mulki, na fili mai faɗi da gida ɗaya a tsakiya da katanga kewaye, shi ke sa Yamai tana ta miƙe ƙafa cikin gonaki, famfo da wuta da kwalta suna kasa cim mata. Gidaje shida a filin da aka saba ɗora ɗaya ko biyu, ba tare da an tauye sirrin iyali ba, amsa ce ga tambayar da su Gropius suka yi shekara ɗari da suka wuce, ta yadda za a zaunar da mutane da yawa cikin mutunci da kuɗi kaɗan.

Daga bakin gari zuwa Doso, sannan a gangara kwarin dallol a hau tudu har Dogon Dutsi, abin da ido ke gani a kowane ƙauye iri ɗaya ne. Ga tsofaffin ɗakunan ƙasa masu rufin soro, indararo ya leƙo daga sama, ga rumbuna masu hular ciyawa, ga kuma sabon ɗaki ɗaya ko biyu na bulon siminti da rufin kwano yana ƙyalli, galibi na ɗan gidan da ya dawo daga ci-rani. Bambancin da ke tsakanin ɗakunan nan a fili yake ga duk wanda ya taɓa jingina da bangonsu. Bangon ƙasa mai kaurin taku ɗaya da rabi yana shan zafin rana a hankali, zafin ba ya ratsawa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da waje ya fara hucewa. Bulon siminti kuwa siriri ne, cikinsa rami ne, zafi yana ratsa shi nan da nan, kwano kuma yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci ya zubo shi a kan mutane, har ɗakin ya koma tanda kafin azahar. To me ya sa ake gudun soro a koma kwano? Wani ɓangare na amsar yana cikin itace. Rufin soro yana bukatar azara, azara kuwa daga giginya take, itacen da gara ba ta ci, kuma giginyar Dallol Mauri ta wajen Gaya ta sha sara har sai da hukuma ta sa ido a kanta. Azara ta yi tsada, sauran itatuwa ba su da ƙarko, kwano ya zama mafita. Tun 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar yin rufin baka da na ƙubba da tubalin ƙasa zalla, ba itace ko ɗaya, dabarar da aka aro daga ƙasar Nuba ta kudancin Masar, kuma har yau akan ga irin waɗannan ɗakuna jefi-jefi a gefen hanya.

Bayan Birnin Ƙonni, wanda ya ɗan wuce mararrabar Tsarnawa ya ci gaba gabas zai iske Malbaza, garin da Nijar ke toya simintinta tun shekarun 1960. Ba na cikin masu zagin siminti. Da shi ake gada da madatsar ruwa da rijiya da asibiti, kuma ƙasar da ba ta toya nata tana ba da kuɗinta ga maƙwabta. Sai dai a san farashinsa na gaskiya. Ana ƙona farar ƙasa a murhun da zafinsa ke kai digiri 1,450, kuma hayaƙin da ke fita a masana'antun siminti na duniya baki ɗaya, daga man da aka ƙona da kuma daga dutsen kansa, ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya wadda ɗan Adam ke fitarwa. Sahel na cikin wuraren da ɗumamar ta fi yi wa illa. Abu mai tsada irin wannan, hankali ya ce a ajiye shi inda ba shi da madadi, wato tushe da ginshiƙi da ɗaurin saman bango da magudanar ruwa, a bar sauran jikin ɗaki ga ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa.

Yama ƙauye ne da ba don masallacinsa ba da ba wanda zai san shi a wajen Adar. A 1962 mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini wanda bai shiga makarantar zanen gini ba. Aikin gayya aka yi, wasu na buga tubali, wasu na jido ruwa, wasu na kawo itace. Da farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a jere. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, Falke ya sauya shi da bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya, sannan tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gini. Wanda ya shigo daga hasken tsakar rana sai idonsa ya ɗan jima kafin ya saba da duhun ciki, sannan ya fara rarrabe ginshiƙai masu kauri da bakunan da suka tashi daga kansu suka haɗu a sama, da sawun yatsun masu yaɓe a jikin bango, da ɗan hasken da ke zubowa ta ƙananan ƙofofi. Sanyin wurin ana jin sa a tafin ƙafa tun kafin a zauna. Abin lura a nan shi ne shekarun. Ginin nan sa'an benayen Yamai ne, ba kayan tarihi ba ne da aka gada daga kaka da kakanni, kuma magininsa bai tsaya maimaita abin da ya tarar ba, ya yi ta gwaji yana sauyawa tsawon shekara ashirin. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Zariya a ƙarni na 19 da bakan gizonsa. Masu cewa ginin ƙasa sana'a ce da ta tsaya cak ba su dubi aikin waɗannan mutane da kyau ba.

Dandaji ba ta da nisa daga nan, gari ne na mutum kimanin 3,000, kuma tsohon masallacinta ma aikin Falke Barmu ne. Da ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, shawarar farko ita ce a rushe shi a gina na siminti a gurbinsa. Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kawo wata shawarar, a gyara tsohon a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Aka kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman addini da na lissafi da na likitanci suka yi aiki a inuwa ɗaya. Wajen gyaran tsohon ginin an gayyato maginan da suka san shi tun farko, aka sabunta yaɓensa, aka shigar da kantocin littattafai da wani ɗan bene na zaman karatu a tsakanin ginshiƙan ba tare da an taɓa bakunan ba. Yara suna bitar darasi a nan, mata suna koyon karatu da lissafin sana'a. Sabon masallacin kuma da bulon jar ƙasa aka yi shi, wadda aka haƙo kusa da garin aka matse a wurin, kankare ya tsaya a inda nauyi ya bukace shi. Bangonsa dogo ne, an tsaga shi da dogayen ƙofofi sirara, rufinsa ƙubbobi ne a sama can, don iska mai zafi ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. A filin da ke tsakanin gine-ginen biyu an dasa itatuwa, ana shayar da su da ruwan damina da ake tarawa a tanki ƙarƙashin ƙasa. Inji mai matse bulon nan ba sabon abu ba ne, wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙera irinsa na hannu a Kolombiya a shekarun 1950, kuma mutum uku ko huɗu suna iya sarrafa shi ba lantarki. A nan ne nake ganin zaren biyu suka haɗu, na Falke da na Bauhaus: siffa mai sauƙi wadda ba ta ɓoye yadda aka yi ta, kayan aiki na wurin, da lissafin rana da iska kafin a aza tubali na farko.

Kasuwar garin ma ofishin Mariam Kamara ne ya zana ta. Rumfunan bulon ƙasa ne kewaye da wata tsohuwar bishiya da aka saba cin kasuwa a gindinta, a sama kuma faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani sama da wani, suna jefa inuwa iska na wucewa ta tsakaninsu. Ƙarfe ne, amma an ɗaga shi nesa da kan mutane, an bar masa hanyar huce zafi, kuma wannan kaɗai ya isa nuna cewa laifin ɗakin kwano yana wajen yadda aka aza shi.

Suka ta farko da za a yi wa duk wannan magana ita ce ta ruwa, kuma suka ce mai nauyi. Daminar 2020 ta rusa dubban gidaje a Yamai da kewaye. Ta 2024 ta fi muni, ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Wanda ya kwana yana tsoron bango ya faɗo wa 'ya'yansa ba zai saurari wa'azin sanyin ɗaki ba, kuma yana da gaskiya. Amma a dubi yadda ginin ƙasa ke faɗuwa. Ruwa yana cin sa ta wuri biyu, ta ƙasa idan ya kwanta a gindin bango ya jiƙa tushe, da ta sama idan indararo ya toshe ko rufi ya tsage aka bar shi. Yawancin gidajen da ambaliya ke kwashewa an gina su ne a kwari ko a kan hanyar ruwa, ba tushen dutse, saboda nan ne talaka ya samu fili. A da akwai tsarin da ke kare gini, ana yaɓe kafin damina, ana shafe soro da makuba ko laso, Sarkin Magina yana da ta cewa. Tsarin ya raunana, ruwan sama kuma ya ƙara ƙarfi. Maganin da injiniya ya sani shi ne a ɗaga tushe da dutse ko kankare sama da inda ruwa ke kaiwa, a matse bulo a ɗan garwaya masa siminti ko farar ƙasa, a ɗaure saman bango, a fitar da ruwan rufi nesa da gindi, a kuma hana gini a magudana. Duk wannan ba ya bukatar a watsar da ƙasa, yana bukatar a daina yi mata ginin ganganci.

Suka ta biyu ta fi ta farko wuyar amsawa, domin ta mutunci ce. Mutum ya yi shekaru yana dako a Legas ko Abijan don ya yi wa mahaifiyarsa ɗakin siminti, alamar cewa wahalarsa ta yi riba, sai wani mai digiri daga Turai ko Amurka, wanda shi kansa a gidan kankare yake kwana, ya zo ya ce masa laka ta fi. Tarihi ya nuna inda irin wannan ke ƙarewa. A shekarun 1940 Hassan Fathy na Masar ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa da ƙubbobi, aiki mai kyau wanda har yau ake karantawa a makarantu, amma mutanen da aka gina dominsu yawancinsu suka ƙi tarewa, saboda hukuma ce ta yanke shawarar tashinsu ba da son ransu ba. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne ba a fara wannan gyara daga ɗakin talaka. A fara daga ginin da kowa ke alfahari da shi, masallacin Juma'a, makaranta, kasuwa, ofishin gwamna, gidan attajiri. Abin da Dandaji ta yi daidai ke nan, ta sa jar ƙasa a ginin da ya fi kowane daraja a garin. Haka Francis Kéré ya yi a ƙauyensu Gando na Burkina Faso, inda ya gina makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani, aikin da ya kai shi ga kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Muddin minista da ɗan kasuwa suna gina gilashi da tayil, ɗan ci-rani zai bi sawunsu, kuma babu mai ikon ganin laifinsa.

Akwai sauran ƙorafe-ƙorafe da bai kamata a share su ba. Bulon da aka matse yakan ɗauki siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, don haka ba a rabu da Malbaza ba, an dai rage dogaro da ita. Bango mai kauri da ke kare mutum da rana yana sako zafinsa da dare, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da daren ma ba ya sanyi, ɗakin ƙasa da ba shi da tagogin da ke fuskantar juna yakan hana barci. Shi ya sa tsakar gida da saman soro suke cikin tsarin gidan Hausa tun asali, kuma mai zanen da ya manta da wurin kwanan waje bai gama aikinsa ba. Haƙar ƙasa tana barin rami, wanda ya san kududdufan Kano ya san sauro da sharar da suke tarawa, saboda haka birni mai mutum fiye da miliyan ɗaya yana bukatar wuraren haƙa da aka keɓe aka kuma tsara yadda za a cike su. Sannan gidaje shida da masallaci ɗaya ba su zaunar da al'ummar da ke cikin mafi saurin ƙaruwa a duniya. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da ya hana su yawaita ba ƙarancin ƙasa ba ne. Banki yana jan ƙafa wajen ba da rance a kan gidan ƙasa, ma'aikatar da ke ba da kwangila ta saba rubuta bulon siminti a takardunta, makarantun koyon sana'a sun fi koyar da kankare, kuma magini da ya iya ɗaurin baka yana tsufa ba almajiri. Kowanne daga cikin waɗannan hukunci ne da mutane suka yanke a ofis, ana kuma iya sauya shi a ofis.

Inda za a gwada gaskiyar niyya shi ne azuzuwan makaranta. A duk tsawon hanyar nan, daga unguwannin bayan Yamai har ƙauyukan Adar, matafiyi zai ga azuzuwan zana da kara, yara zaune a ƙasa. Hukumomin Nijar da kansu sun ƙidaya kimanin 36,000 irinsu. A Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a wata unguwa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, a Nuwamban shekarar kuma aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Dole a maye gurbinsu, kuma duk wanda zai sa hannu a kwangilar yana da zaɓi biyu a gabansa. Ko dai a jera akwatunan bulon siminti da kwano a kan kawunan yara hamsin ko sittin, waɗanda daga ƙarfe sha ɗaya na safe a watan Afrilu ba mai iya fahimtar karatu a cikinsu, ko kuma a bi hanyar Gando da Dandaji, tushe na kankare, bango na jar ƙasar garin, rufi a ɗage, tagogi suna kallon kudu da arewa, itatuwa a gabas da yamma. Hanya ta biyu tana bukatar a horar da magina a kowace gunduma, a sayi injin matse bulo, a rubuta ƙa'idar gwajin ƙasa da za a riƙa bi kafin a fara aiki, a kuma ware kuɗin duba rufi da magudana kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka.